Mongo Santamaría: Yadda Mai Ganga Ya Taso Daga Baya Ya Zama Jagora

'Yan uwa ɗalibai, a ƙungiyar makaɗa kowa da mazauninsa. Mawaƙi yana gaba, masu busa suna gefensa, mai ganga kuwa yana can baya, shi ya fi kowa zufa, shi ne kuma ba a cika sanin sunansa ba. Ko a nan gida haka abin yake. In an ce Shata kowa ya sani, amma mutum nawa ne cikinmu za su iya kawo sunayen masu kalangunsa? To darasinmu na wannan fitowa a kan wani mai ganga ne ɗan ƙasar Kyuba da ya karya wannan al'ada a Amurka, har sunansa ya zama shi ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin faifai, masu busa da mawaƙa suna bin bayansa. Sunansa Ramón Santamaría, amma duniya ta fi saninsa da Mongo.

Na zaɓe shi ne don tarihinsa tarihin mai sana'ar hannu ne, irin abin da aka tara mu a nan ana koya mana. Tambayar da nake so mu bi ita ce: me mutum zai riƙe, me kuma zai saki, idan yana son sana'arsa ta ciyar da shi shekara da shekaru ba tare da ta lalace a hannunsa ba?

Unguwar da ta haife shi

An haifi Mongo ranar 7 ga Afrilu, 1917, a unguwar Jesús María da ke birnin Habana. Unguwa ce ta talakawa, akasarinsu baƙaƙen fata. Ku lura da shekarar. Sai a 1886 aka haramta bauta a Kyuba, wato shekara 31 kacal kafin haihuwarsa. Ke nan ya tashi a tsakanin tsofaffin da suka ga bauta da idonsu, da 'ya'yansu da jikokinsu.

Waɗannan mutane ba su bar kiɗansu a bakin teku ba. Yarabawan da aka kai Kyuba, waɗanda ake kira Lukumi a can, sun tafi da gangunan bata da waƙoƙin addininsu na gargajiya. Mutanen yankin Kalaba da Kuros Riba sun kafa ƙungiyar asiri da ake kira Abakuwa, mai kama da Ekpe ta Efik. Akwai mutanen Dahomey, akwai kuma na Kwango masu ɗimbin yawa. Daga cakuɗuwar waɗannan da waƙoƙin Sifaniya aka sami rumba, kiɗan tsakar gida da bakin titi, wanda ba ya buƙatar komai sai ganga, sanduna biyu, murya da 'yan amshi. In babu ganga ma, akwatin katako ya wadatar.

Mahaifiyar Mongo ta so ya koyi gogen Turawa, don a lokacin shi ne kayan kiɗan mutunci. Ya fara, ya ajiye, ya koma ganga. Babu makarantar koyon ganga a wancan zamani. Yaro yakan tsaya ne kusa da manya, ya zuba ido a kan hannunsu, ya koma gida ya gwada. Da ya girma ya yi aikin raba wasiƙu na gidan waya da rana, da dare kuma yana kiɗa, har ya kai ga yin wasa a Tropicana, shahararren gidan rawa na Habana.

Aikin da hannu yake yi

Kafin mu ci gaba, bari mu san kayan aikin. Konga doguwar ganga ce mai siffar tulun katako, fata a baki ɗaya kawai, ana tsayar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafu a buga da tafin hannu, babu makaɗi na ice. Wanda bai sani ba zai ɗauka duka ne kawai. Amma daga fata ɗaya gwani yana fitar da sauti kala-kala: buɗaɗɗen sauti idan yatsu suka bugi gefen fata suka tashi nan take, mari mai kaifi idan aka ɗan lanƙwasa hannu, sauti mai kauri idan tafin hannu ya sauka a tsakiya, sai kuma ɗan motsin dunduniyar hannu da yatsu da ke cike gurbi a hankali.

Ginshiƙin bugun konga shi ake kira tumbao. Ku ƙirga ɗaya zuwa takwas a jere. Mari yana faɗawa a kan uku, buɗaɗɗen sauti biyu a kan bakwai da takwas, sauran kuma taɓawa ce mai laushi. Shi ke nan, a sake daga farko. A ƙarƙashin wannan akwai clave, ana faɗinsa kilabe: bugu biyar na sanduna biyu, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Duk wanda ke cikin ƙungiya, daga mai fiyano har mai busa, dole ya san inda kilabe yake ko da ba a buga shi a fili ba. In mutum ɗaya ya juya shi, masu rawa za su ji a ƙafarsu tun kafin su san abin da ya faru.

Ku duba hotunan Mongo a intanet, za ku ga yatsunsa naɗe da filasta, hannun duk kanta. Abin da shekaru na dukan fata suke yi wa mutum ke nan. Duk wanda ya taɓa yini da zarto a wakshop ya san wannan yaren.

Shekara goma a ƙarƙashin wasu

A 1948 Mongo ya tafi Meksiko, haka ma abokinsa Armando Peraza, wani gwanin ganga. A 1950 ya isa Nuyok, yana da shekara 33. Ya tarar an riga an buɗe ƙofa. A 1947 wani ɗan Habana, Chano Pozo, ya shiga ƙungiyar mai ƙaho Dizzy Gillespie, suka haɗa konga da kiɗan jaz, wato kiɗan baƙaƙen Amurka da ake barin kowane makaɗi ya ƙirƙiri nasa nan take a kan take ɗaya. An kashe Chano a unguwar Harlem a watan Disamba 1948, amma ya bar masu sauraro da ƙishirwar wannan sauti.

Mongo ya ɗan taɓa aiki da Pérez Prado, sannan a 1951 ya shiga ƙungiyar Tito Puente, sarkin kiɗan mambo na Nuyok, ya zauna har 1957. A nan ya koyi abin da titin Habana bai koya masa ba: yadda ake tafiyar da babbar ƙungiya, yadda ake shirya kiɗa a takarda, yadda ake riƙe ɗakin rawa cike da mutane har asuba. A nan kuma ya yi aiki da wani matashi haifaffen Nuyok, Willie Bobo. Mongo bai iya Turanci ba a lokacin, sai suka yi musaya: shi yana koya wa Willie ganga, Willie yana yi masa tafinta. Daga baya shi ma Willie Bobo ya zama jagoran tasa ƙungiyar.

Da suka bar Puente, su biyun sun koma Kalifoniya wurin Cal Tjader, Bature mai buga vibraphone, wani kayan kiɗa na jerin ƙarafa da ake bugawa da sanduna masu dunƙulen kai. Ƙungiyar Tjader ƙarama ce, ta jaz, mutum biyar ko shida. A irin wannan ƙungiya babu wurin ɓuya, kuma ana ba mai ganga fili ya yi magana shi kaɗai. Mongo ya zauna da Tjader har wajen 1960.

Ku lissafa. Mutumin da ya zo Amurka yana gwani ya yi kusan shekara goma yana yi wa wasu aiki kafin ya kafa tasa ƙungiya. Amma bai zauna haka kawai yana jiran albashi ba. Yana ƙarƙashin Puente ya fitar da faifan Changó a 1955, ganga da murya zalla, irin na gargajiyar Kyuba. Sunan ma Sango ne na Yarabawa, da lafazin can. Yana wurin Tjader ya fitar da Yambú a 1958 da Mongo a 1959 a kamfanin Fantasy. Wato yana yi wa oga aiki, yana kuma ajiye sunansa a kasuwa kaɗan-kaɗan.

Afro Blue: uku a kan biyu

A 1959 ya tsara taken da ya fi kowanne daɗewa a cikin ayyukansa, Afro Blue. An fara naɗarsa ne a wani wasa da ƙungiyar Tjader ta yi a garin Carmel na Kalifoniya a watan Afrilun shekarar. Abin da ya bambanta shi shi ne karin da aka gina shi a kai. Yawancin jaz na lokacin a kan ƙirgen huɗu yake tafiya. Mongo ya ɗauko karin da ya gada daga Afirka ta hanyar Kyuba, inda bugu uku da bugu biyu suke tafiya a lokaci guda, kowanne da ƙafarsa.

To ku gwada a kan tebur, yanzun nan. Ƙirga ɗaya zuwa shida, kana maimaitawa ba tsayawa. Hannun dama ya buga a kan ɗaya, uku da biyar. Hannun hagu ya buga a kan ɗaya da huɗu. Ke nan a kan ɗaya hannu biyu ne tare, uku dama, huɗu hagu, biyar dama. Da farko hannu ɗaya zai riƙa jan ɗayan, kada ka damu, rage sauri. In ya zauna, sai ka saurari dama kaɗai, za ka ji abu mai ƙafa uku. Ka koma hagu, za ka ji mai ƙafa biyu. Alhali abu ɗaya kake bugawa. Kunnen da ya saba da kiɗan gargajiyar Afirka ta Yamma ba zai ji wannan baƙo ba, amma ga makaɗan jaz na 1959 sabon fili ne aka buɗe musu.

Oscar Brown Jr. ya sa wa taken baituka, Abbey Lincoln ta rera a shekarar. A 1963 John Coltrane, ɗaya daga cikin manyan masu busa saksofon a tarihin jaz, ya naɗe shi a faifansa Live at Birdland. Tun daga nan Afro Blue ya shiga jerin taken da duk ɗalibin jaz yake koya. Kun ga mai ganga, wanda ake ɗauka aikinsa raka wasu ne, ya zama mai tsara abin da manyan masu busa suke ɗauka.

Daren kankana

A 1960 Mongo ya koma Habana tare da Willie Bobo suka naɗi faifan Our Man in Havana da makaɗan gida. Ba a jima ba, a Janairun 1961, Amurka da Kyuba suka yanke hulɗa, hanyar zuwa da dawowa ta toshe. Makaɗan Kyuba da ke Amurka sai suka koma dogaro da abin da suka zo da shi a ka da hannu.

Mongo ya kafa ƙungiyarsa, da farko irin mai goge da sarewa da ake kira charanga, don ita ke tashe a lokacin. Daga baya ya sauya zuwa ƙaho da saksofon. A ƙarshen 1962 mai fiyanonsa, wani matashi Chick Corea, ya tafi, sai aka nemo wani matashin ya cike gurbi na ɗan lokaci a wani gidan rawa da ke Bronx. Sunansa Herbie Hancock, shekararsa 22. A shekarar ya fitar da faifansa na farko, Takin' Off, a kamfanin Blue Note, kuma a ciki akwai wani take da ya tsara yana tuna mai tallar kankana da ke yawo da keken doki a titunan Chicago lokacin yarintarsa. Sunan taken Watermelon Man, wato mai kankana.

Mai ƙaho Donald Byrd, wanda yake kamar uban gidan Hancock, yana wurin a daren. Shi ya ce wa Hancock ya buga wa Mongo wannan take. Hancock ya fara, Mongo ya sa hannu a kan konga ya ɗora masa karin cha-cha na Kyuba, sauran makaɗa suka shigo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ke zaune suka miƙe suka cika fili. Mongo ya nemi izini ya naɗa. Faifan ya fito a kamfanin Battle, kuma a 1963 ya kai lamba 10 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Mongo yana wajen shekara 46. A 1998 an shigar da wannan naɗi cikin taskar girmamawa ta Grammy.

Wani zai ce sa'a ce. E, akwai sa'a. Amma taken ya riga ya yi watanni a kasuwa, makaɗa da yawa sun ji shi. Wanda ya gane cewa kiɗan baƙaƙen Amurka da tumbao za su zauna a kujera ɗaya shi ne mutumin da ya yi shekara shida a ɗakin rawan Puente, ya kuma yi wasu shekarun a ƙungiyar jaz ta Tjader.

Akwai kuma darasin kuɗi a nan, kuma ina so 'yan kwas ɗin kasuwanci da masu shiga situdiyo a cikinmu su buɗe kunne. A kowane faifai haƙƙi biyu ne: na wanda ya tsara take, da na naɗin kansa. Tun kafin fitowar Takin' Off, Donald Byrd ya ba Hancock shawarar kada ya sallama wa kamfani haƙƙin taken da ya tsara. Ya bi shawarar. Saboda haka da faifan Mongo ya yi kasuwa, kuɗin mai tsarawa aljihun Hancock suka nufa, kuma shi da bakinsa ya ce sun ɗauki nauyinsa shekara biyar zuwa shida. Sa hannu ɗaya a takarda, ko ƙin sa shi, ya kai haka.

Shekarun sol da masu suka

Watermelon Man ya share hanyar wani salo da aka kira boogaloo, haɗin karin Kyuba da sol, wato kiɗan baƙaƙen Amurka da ya tsiro daga waƙoƙin coci da na rawa, irin na su James Brown da kamfanin Motown. Matasan Nuyok 'yan asalin Puerto Rico da maƙwabtansu baƙaƙe sun sami abin da za su taka tare.

A tsakiyar shekarun 1960 Mongo ya koma babban kamfanin Columbia. A nan ya yi ta ɗaukar waƙoƙin sol da suke tashe yana mayar da su kiɗa zalla, konga a gaba. Faifai irin su Soul Bag da Stone Soul daga wannan zamani suke, kuma a 1969 nasa salon na Cloud Nine, waƙar ƙungiyar Temptations, ya shiga cikin 40 na farko a jadawalin Billboard. Mai ƙahonsa Marty Sheller shi ke shirya yawancin kiɗan a takarda. Mai sarewa Hubert Laws ya yi shekaru a ƙungiyar, mawaƙiya La Lupe kuma ta hannun Mongo ta fara suna a Amurka.

Masu tsaurin ra'ayin jaz da na gargajiyar Kyuba ba su ji daɗi ba. A ganinsu mutumin da ya yi Yambú da Afro Blue ya koma bin kasuwa. Ni dai ga yadda nake kallon abin. Sukar tana da ƙamshin gaskiya: wasu daga cikin faifan nan an yi su ne don a sayar, kuma in ka jera su sai ka ji sun yi kama da juna. Amma ku saurara da kyau ku bi hannunsa. Taken na Motown ne, tumbao ɗin na Jesús María ne, bai rage masa komai ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mongo ya yarda da wannan, sai dai akwai abu ɗaya da bai taɓa kai shi kasuwa an yi ciniki ba, shi ne bugun. Kuma kada mu manta jagora yana da mutane a wuyansa. Albashin makaɗa, kuɗin mota da masauki, duk daga cikar ɗakin rawa suke fitowa. Ƙungiyar da ba ta da masu saurare watsewa take yi, komai tsarkin kiɗanta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya biyo baya. Da tashen boogaloo ya wuce, ƙungiyoyi da yawa da aka gina a kansa kaɗai sun bi shi. Mongo bai bi ba, don yana da gidan komawa. A 1971 ya yi wasa a bikin jaz na Montreux a Suwizalan. A watan Agusta 1973 ya hau dandamali da Fania All-Stars a filin wasa na Yankee, suka yi karon ganga da Ray Barretto, mutumin da ya gaje shi a ƙungiyar Puente. Faifansa Amanecer na 1977 ya ci kyautar Grammy, yana da shekara 60. A 1980 ya koma Montreux tare da Dizzy Gillespie, wanda ya buɗe wa konga ƙofar jaz tun farko. Ya ci gaba da wasa har cikin shekarun 1990. Ya rasu a Mayami ranar 1 ga Fabrairu, 2003, yana da shekara 85.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, zaman ƙarƙashin oga makaranta ce in ka shiga da ido biyu. Da yawanmu muna ɗaukar watannin koyon aiki a masana'anta a matsayin lokacin cike littafi a sa hannu a kawo. Mongo ya fita daga wurin Puente da ilimin riƙe babbar ƙungiya, ya fita daga wurin Tjader da ilimin jaz, kuma ranar da dama ta zo, waɗannan biyun ya haɗa. Tambayi kanka me ka fito da shi daga inda aka tura ka wanda ba ka shiga da shi ba.

Na biyu, ka san wane ne tumbao ɗinka. A kowace sana'a akwai abin da ke sauyawa duk bayan 'yan shekaru, akwai kuma wanda ba ya motsi. Manhajar zanen gini za ta sauya, lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka yana nan. Yayin ɗinki zai wuce, iya awo da yanka ba ya wucewa. Wanda ya riƙe yayi kaɗai zai tafi tare da yayin, wanda kuma ya ƙi kallon kasuwa gaba ɗaya zai zauna da gwanintarsa da yunwarsa.

Na uku, jagora yakan ɗauki waɗanda suka fi shi a abin da bai iya ba. Mongo bai yi kishin Sheller ko Laws ko Corea ba, ya ba su fili, ƙungiyarsa ta zama wurin da matasa ke gogewa su wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun Mongo ne.

Na huɗu, karanta takarda kafin ka sa hannu, musamman a kan abin da kai ka ƙirƙira, waƙa ce, zane ne ko manhaja.

Ga aikin gida, tunda darasi ne. Duk waɗannan suna YouTube. Ku saurari Watermelon Man na Hancock na 1962, sannan na Mongo na 1963, ku rubuta abu uku da suka bambanta. Sannan ku kunna Afro Blue, ku gwada bugun nan na uku a kan biyu a kan tebur tare da shi, ku ga ko za ku kai minti ɗaya hannu bai ruɗe ba. Wanda ke hostal dai ya tausaya wa maƙwabta, ya bari sai gari ya waye.